Tarin fukan da ba ya sa tari

Wata Laraba, ranar da muke raba maganin tarin fuka, wata dattijuwa ta shigo da jikanta ɗan shekara tara. Tun daga bakin ƙofa tafiyarsa ta tsaya min a rai: ya dafe cinyoyinsa da hannu biyu, yana takawa a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwarya cike da ruwa. Na yar da murfin biro na ce, "Yaro, miƙo min." Bai sunkuya ba. Durƙusawa ya yi, bayansa a sandare, ya ɗauka, ya dafa gwiwa ya miƙe. Da na ɗaga rigarsa sai ga wani tsini a tsakiyar gadon baya, kamar gaɓar yatsa idan an dunƙule hannu, kewayensa duk tabon tsaga da ƙaho.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi, ɗan nan. Wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce jifa ne. Amma ai ba ya tari."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami. Jama'a da yawa sun ɗauka tarin fuka a huhu kaɗai yake zama. Ƙwayar cutar kuwa tana iya bin jini ta sauka a ƙashi, kuma ƙashin da ta fi so shi ne na baya, musamman daga tsakiyar baya zuwa saman ƙugu. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan ciwo tun 1779, shi ya sa har yau likitoci ke kiransa da sunansa.

Tsakanin wuya da ƙugu akwai gaɓoɓin ƙashi 12 a jere, haƙarƙari na maƙale da su hagu da dama. Ta cikinsu laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara da hanji. Ramin da lakar ke bi a nan matsattse ne, babu sarari. Cutar takan fara cin gaban ƙashin a hankali, wata da watanni, har ya rufta, gaɓa ta faɗa kan gaɓa, doro ya fito. Mugunya kuma ta taru ta danne lakar. Daga nan ƙafa ta fara nauyi, takalmi na zamewa ba a sani ba, mutum na yawan tuntuɓe. In aka ƙara sakaci, a wayi gari ƙafafu sun mutu, fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa.

Kafin a kai can, jiki yana ba da sanarwa. Ciwon tsakiyar baya da ya yi makonni bai tafi ba, wanda kwanciya ba ta sa shi lafawa, har yakan tashi mutum cikin dare. Zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, rashin cin abinci. Yaro yakan daina wasa, yakan farka da kuka. Wani lokaci kumburi marar zafi ya fito a gefen baya ko a matsematsi. Duk wanda ya ga waɗannan, ya bar zaryar kemis. Maganin kashe zafi rufe bakin ciwon kawai yake yi, ƙashi kuwa na ci gaba da cinyewa.

Ina roƙon iyayenmu masu ɗori da wanzamai, don Allah, kada a danne doron nan, kada a taka shi, kada a ja mutum da sunan miƙar da baya. Ba targaɗe ba ne. Ƙashi ne da ya riga ya rube, ga laka kwance a bayansa. Dannawa ɗaya na iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Kumburin ma kada a yi masa sakiya.

A asibiti za a ɗauki hoton baya da na ƙirji, a gwada kaki ko mugunya da na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka, a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin ita da tarin fuka sukan haɗu. In da hali a yi hoton MRI, shi ne ke nuna yadda lakar take. Maganin shi ne dai na tarin fuka, kala huɗu: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, kuma kyauta ne a cibiyoyin DOTS na Najeriya, wato wuraren da ake ba da maganin tarin fuka ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Sai dai na huhu wata shida ne, na ƙashin baya kuwa wata 12. Nan ne aka fi faɗuwa. Bayan wata biyu ko uku ciwo ya lafa, jiki ya murmure, sai a ce an warke a ajiye magani. Ƙwayar ba ta mutu ba, kuma in ta dawo tana iya dawowa ba ta jin magani. Fitsari zai koma ja-ja saboda rifampicin, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya tsananta, ko gani ya fara dushewa, a dawo a ranar.

Da an ambaci tiyatar baya sai hankalin dangi ya tashi. Mafi yawan masu wannan ciwo magani kaɗai ke warkar da su. Ana komawa ga tiyata ne idan ƙafa na ƙara mutuwa duk da magani, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ƙashin ya lalace har ba zai iya ɗaukar jiki ba. Likita zai kwashe mugunya da mataccen ƙashi don lakar ta sami sarari, ya cike gurbin da ƙashin da aka ɗebo daga haƙarƙari ko ƙugun mutumin, ya ɗaure da sanduna da kusoshin ƙarfe. Aiki ne na manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, kuma ko bayan an yi shi sai an ƙarasa shan magani. Ƙafar da ta mutu kwanan nan tana da damar farfaɗowa sosai, wadda ta shekara a kwance kuwa da wuya.

Yaron nan ya cika watanninsa 12, kakarsa ce ke kawo shi da katinsa a ƙulle cikin leda. Doron bai koma ba, don ƙashin da ya rufta magani ba ya miƙar da shi, amma da ƙafafunsa yake zuwa makaranta. Da muka bi sawu zuwa gidansu, sai muka tarar da kawunsa da suke kwana ɗaki ɗaya ya daɗe yana tari. Ciwon ƙashin yaron ba ya yaɗuwa, na huhun kawun ne ke yaɗuwa, don haka muka ɗauki kakinsa a ranar, muka kuma rubuta sunayen sauran yaran gidan don a duba su.