Shagon wanki na "zo ka wanke da kanka": tambayoyin da ake yawan yi kafin a zuba jari

Tambaya: Wai mene ne bambancin wannan da wanki da guga da muka sani?

Mai wanki da guga kai masa kaya kake yi ka tafi abinka, bayan kwana biyu ko uku ka dawo ka karɓa a goge a ninke. Wannan kuwa kai mai shago injinan wanki ka jera, mutum ya zo da kayansa ya zuba da hannunsa, ya biya kuɗin wanki ɗaya, ya zauna minti 30 zuwa 45 an gama, in yana so ya ƙara kuɗi ya sa a injin busarwa ya kwashi kayansa ya wuce. Wato abin da kake sayarwa hayar inji ce da ruwa da wuta, ba ƙarfin hannunka ba. Kuma sana'ar ta daɗe, a garin Fort Worth na jihar Texas a Amurka aka buɗe irinsa na farko a 1934, lokacin ma da awa ake biyan hayar injin, a Landan kuma 1949 aka fara. Duk wanda ya yi karatu a Maleshiya ya san yadda suke ko'ina a can, wasu awa 24 suke a buɗe.

Tambaya: To ai mu nan ga masu wanki a kowace unguwa da araha, ga rana kyauta. Wa zai zo?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta hana ka bacci kafin ka sayi ko inji ɗaya. A ƙasashen da sana'ar ta yi ƙarfi mutane a ƙananan ɗakunan haya suke, ba tsakar gida ba igiyar shanya, kuma ɗaukar mutum ya yi maka wanki tsada ne da shi sosai. Mu kuwa akasin haka ne, akwai mai wanki a bakin layi, akwai yara a gida, akwai rana. Don haka in ka buɗe a tsakiyar tsohuwar unguwa inda kowane gida da rijiya da matasa, gaskiya zaman jira za ka yi.

Masu zuwa su ne waɗanda lokaci ko wuri ya yi musu ƙaranci. Ɗaliban da ke zaune a wajen makaranta, irin na Samaru kusa da ABU ko kewayen sabuwar BUK, masu bautar ƙasa, ma'aikatan asibiti masu kwana a aiki, samarin da ke ɗaki ɗaya ba su da ko wurin ajiye bokiti, ma'aurata da duk su biyun ke fita aiki. Sai kuma wani rukuni da mutane ba sa lissafawa, masu manyan kaya. Bargo, labule, zanin gado mai kauri, dadduma. Hajiyar da ba za ta taɓa kawo atamfarta ba za ta kawo barguna shida in sanyi ya wuce ko ana saura mako sallah, don ta san wahalar matse jiƙaƙƙen bargo da hannu. Akwai kuma wanda kawai ba ya so wani ya taɓa masa kayan ciki, ko ya gaji da a ce masa rigarsa ta ɓata a wurin mai wanki.

Tambaya: Inji nawa zan fara da su?

Huɗu ko biyar na wanki, a ciki ɗaya ya zama babba, da na busarwa ɗaya ko biyu. Kada ka cika shago da injina don ya yi kyau a hoto.

Tambaya: Zan iya sayen irin na gida da ake sayarwa a kasuwa? Sun fi araha nesa ba kusa ba.

Za ka iya farawa da su in jari ya gaza, amma ka san me ka saya. Injin gida an ƙera shi ne ya yi wanki 'yan lokuta a mako, kai kuma za ka sa shi ya yi sau huɗu sau biyar kullum a hannun mutane daban-daban da ba ruwansu da lafiyarsa, to boris da makullin ƙofa da famfon fitar da ruwa ba za su daɗe ba, kuma wasu na gidan sai su ci fiye da awa ɗaya a wanki ɗaya, layi ya taru kwastoma ya gaji ya tafi. Na kasuwanci irin su Speed Queen, Electrolux, Maytag ko LG masu aikin shago an yi su ne don wannan wahalar. Amma kafin sunan kamfani, ka fara nemo wanda zai gyara maka a garinku da inda za ka sami kayan gyara, inji mai tsada da za a jira wani ɗan ƙarfe daga Legas wata guda bai amfane ka da komai ba. Ka yi ƙoƙari duk su zama iri ɗaya, don kayan gyara ɗaya ya shiga kowanne.

Sai maganar tokumbo. Ka duba takardar da ke manne a bayan injin da idonka. Wutarmu 230 ce, ta Amurka kuwa 120 ce a yawancin injinan wanki na gida, kuma bugun wutar ma ba ɗaya ba, tamu 50 tasu 60. Mutane da yawa sun sayi na Amurka don araha suka ƙare a sayen taransifoma da canjin motar da ke juya injin. Na Turai wutarsu ta dace da tamu. Kuma akwai manyan injinan da dole a ɗaure su da kusoshi a kan kankare mai kauri, in ba haka ba lokacin matsa sai su riƙa tafiya suna girgiza gini, irin waɗannan ba a sa su a bene ko kan tayil kawai.

Tambaya: Wuta fa? Ita ce ta fi ba ni tsoro.

Da gaskiyarka. Amma abin da mutane ba su sani ba, juya kaya ba shi ke shan wuta ba, zafi ne ke sha. Motar injin wanki ba wani abu take ja ba, da zarar ka kunna hitar dumama ruwa sai ta ƙara wajen kilowat 2, injin busarwa mai lantarki kuma yana iya kai kilowat 4 zuwa 5 ko fiye. Don haka ka sa wankin ruwan sanyi ya zama shi ne na kullum, mai son ruwan zafi ya biya daban, injin busarwa kuma ka nemi mai aiki da gas. In ka yi haka sola da inbata mai ƙarfi za su iya ɗaukar injinan wanki da rana, janareto ya zama na ko-ta-kwana maimakon ya wuni yana shan dizal.

In layinku na Band A ne, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, ka tuna a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗinsa naira 225 duk yunit a wancan lokacin. Tsada ce amma har yanzu ta fi dizal sauƙi. Ka sa mita taka kai kaɗai, kada ka yarda da haɗaka da maƙwabta. Kuma dan Allah kar ka haɗa inji kai tsaye ba sitabilaiza, allon kwamfutar cikinsa wuta ɗaya mai ƙarfi ke ƙona shi.

Tambaya: Ruwa kuma ai in akwai bohol shikenan ko?

Bohol rabin magana ne. Mu yi lissafi, a ce kowane wanki na cin lita 70, ka yi wanki 25 a rana, lita 1,750 kenan, tankin lita 2,000 ya kusa ƙarewa tun ba a wanke bayi ba. Injin da ake buɗewa ta gaba ya fi mai buɗewa ta sama tattalin ruwa sosai, shi ya sa masu shago suka fi son sa. Sannan ka gwada ruwan kafin ka biya haya, in yana da jar ƙasa ko tsatsa fararen kaya za su fito da ɗorawa-ɗorawa, kuma mutum ɗaya da farar shaddarsa ta ɓaci ya isa ya kashe maka kasuwa a unguwa. Ka sa matata tsakanin tanki da injina.

Ɗaya rabin shi ne ina ruwan zai tafi. Duk litar da ta shiga sai ta fita da kumfa da datti. In ba kwata mai gudu ko sokawe babba, cikin wata ɗaya ƙofar maƙwabci ta zama tabki, daga nan sai gaban mai unguwa ko 'yan duba-gari. Wannan ka yi maganarsa da mai gida tun kafin a rubuta yarjejeniya.

Tambaya: Na ji an ce sana'a ce da kuɗi ke shigowa kana kwance a gida. Haka ne?

A'a. A waje ma da inji ke karɓar kwabbai ko kati sai mai shago ya zo shara da gyara da kwashe kuɗi. Mu nan kwabbai ba sa aiki, POS ne da tiransifa, kuma yawancin masu zuwa ba su taɓa taɓa injin ba, don haka dole akwai mutum a tsaye. Shi zai hana a danna kaya har ƙofa ta ƙi rufuwa, shi zai hana a juye rabin ledar omo a wanki ɗaya kumfa ta cika shago, shi zai ce malam a duba aljihu. Abin da ake cirowa daga matatar famfo sai ka gani, makulli, fil, asuwaki, carbi, biro da ya fashe ya ɓata kayan mutum. Shi ne kuma zai riƙa share tarkacen zaren da ke taruwa a ragar injin busarwa kullum, wannan ba wasa ba ne, zaren nan da zafi da gas gobara suke haifarwa, ka ajiye abin kashe wuta kusa kuma tukunyar gas ta zauna a waje.

Kuɗi kuma ya riƙa shiga asusun shago kai tsaye, ka yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka buɗe asusu da shi. Wasu injinan suna ƙirga wankin da suka yi, ka riƙa gwada wannan lambar da abin da ya shigo. Ba zargin yaronka kake ba, kare shi kake daga zargi.

Tambaya: Maganar tsarki fa? Wani zai ce bai san kayan wa aka wanke kafin nasa ba.

Za a tambaye ka, kuma ka ɗauke ta da muhimmanci. A Maleshiya a 2017 wani mai shago a garin Muar ya rubuta cewa Musulmi kaɗai zai karɓa saboda wannan dalilin, har Sarkin Johor ya tsawata masa ya janye. Ba sai ka kori kowa ba. Ka rubuta a bango cewa kayan da najasa ta taɓa, kamar na jarirai, a fara ɗauraye su a famfo, ka tanadi wurin yin hakan, ka saita injin ya yi ɗauraya biyu, wanda ya nemi a zagaya ruwa a injin ba kaya kafin ya zuba nasa a yi masa. Hukuncin kuwa a tambayi malamai. Haka nan mata, ka ware musu gefen zama da labule, in da hali ka ɗauki mace ma'aikaciya, ba kowace mace za ta zazzage kayanta a gaban samari ba.

Tambaya: Ta ina ribar take fitowa, kuma yaya zan sa farashi?

Daga yawan wankin da kowane inji ke yi a rana, nan duk sirrin yake. Misali kawai, injina 5, wanki ɗaya naira 2,500. In kowanne ya yi sau 2, ka tashi da 25,000. In ya yi sau 5, 62,500 kenan, alhali haya da albashi ba su ƙaru da ko sisi ba. Injin da ke tsaye kamar Keke Napep ne da aka ajiye a gida kuma mai shi na jiran balas da yamma. Wajen farashi ka zauna da biro ka fitar da abin da wanki ɗaya ke ci na wuta da ruwa da gas da sabulu, ka ɗora haya da albashi, ka ware wani abu na gyara da na sayen sabon inji nan gaba, mutane da yawa wannan na ƙarshen suke mantawa sai injin ya mutu su ga ashe uwar kuɗi suke ci. Kada ka yi gasar araha da mai wankin hannu, ba za ka iya ba. Sauri da tsafta kake sayarwa.

Tambaya: In ya fara tafiya, yaya zan faɗaɗa?

Ka fara cike lokutan da shago ke zama wayam. Asabar da Lahadi da yamma za ka ga layi, amma safiyar Talata injina na hutu, to a nan ne za ka nemi kwangilar zannuwan ƙananan otal, asibitoci masu zaman kansu, makarantun kwana, ko ka rage kuɗi ga mai zuwa da safe. Ka ƙara tsarin ajiye ka tafi, a wanke a ninke, ka haɗa kai da mai guga ya zauna a gefe ku raba, su kansu masu wankin unguwa ka jawo su su riƙa kawo barguna a farashin sari maimakon ka mai da su abokan gaba. Shadda mai tsada da ke son sitati da bugu ka bar wa masu ita, kar ka sa ta a injin busarwa. Lambar WhatsApp da yaro mai babur na ɗauka da kaiwa suna kawo kwastoman da ba zai taɓa takowa ba. Da damina injin busarwa ne zai riƙe ka, lokacin da kaya ke kwana biyu a igiya suna warin sanyi.

Ƙarin inji sai ka ga mutane na juyawa saboda layi, kuma babba za ka fara ƙarawa. Reshe na biyu kuwa sai na farko ya yi watanni yana biyan kansa, har da lokacin hutun ɗalibai ko yajin aikin ASUU in kusa da jami'a kake, kuma ka sami wanda zai riƙe shi mako guda ba ka leƙa ba lissafi bai canza ba.