Ƙanƙarar 'ya'yan itatuwa

Ƙanƙarar 'ya'yan itatuwa wani nau'in abin sanyaya maƙoshi ne da ake haɗawa da ruwan 'ya'yan itace ko markaɗaɗɗen namansu, a zuba sukari, a daskarar a firiza, sannan a tsotsa ko a riƙa gatsa. A Bauchi da Gombe ba a cika kiranta da wannan dogon suna ba. Yara dai ƙanƙara suke cewa, ko su jingina ta ga abin da aka yi ta da shi, su ce ƙanƙarar zoɓo, ƙanƙarar tsamiya ko ƙanƙarar mangwaro. Wasu kuma askirim ɗin leda suke kiranta, duk da cewa ta bambanta da askirim na ainihi, wanda ake yi da madara ana bugawa yayin da yake daskarewa domin iska ta shige shi. Siga biyu gare ta: wadda ake ƙullawa a siririyar farar leda, mai sha ya ciji kusurwa ya tsotsa, da wadda ake zubawa a ƙaramin kofi ko mazubi na musamman a soka mata tsinke. Ta leda ce ta fi yawa a gidaje da bakin makarantu.

Asali

Labarin da ya shahara game da mai tsinke ya danganta ta ga wani Ba'amurke, Frank Epperson, wanda aka ce a shekarar 1905, yana ɗan shekara 11, ya manta kofin abin sha da tsinken motsawa a waje cikin daren sanyi a jihar Kalifoniya, da gari ya waye ya tarar ya daskare da tsinken a ciki. Ya fara sayar da ita a 1923, ya sami takardar mallakar fasahar a 1924, kuma daga nan ne sunan Popsicle ya fito. A Meziko ana yin irinta da gutsattsarin 'ya'yan itace a ciki, ana kiranta paleta. Ta leda kuwa babu wanda za a nuna a ce shi ya ƙirƙiro ta: ana samunta a Barazil da Filifin da Indiya da ƙasashen Afirka ta Yamma, wato duk inda zafi ya haɗu da firiza da leda mai araha. A ƙasar Hausa abubuwan shan ne suka riga ta. Zoɓo da ruwan tsamiya da kunun aya tsofaffi ne, firiza ce baƙuwa.

Lokacinta da kayan haɗinta

Kasuwar ƙanƙara tana ci ne da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Gombe da Bauchi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kafin damina ta sauka. Abin sha'awa shi ne a daidai wannan lokaci ne mangwaro yake cika kasuwa har ya yi arha, ga kankana daga gonakin rani. A Gombe, madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba tana ciyar da noman rani, kuma a garin Dadin Kowa ne Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu take. A Bauchi kuwa Kasuwar Muda Lawal ta yi suna wajen kayan gwari da kayan marmari. Lemun zaƙi yawanci daga Binuwai ake kawo shi, abarba kuma daga kudancin ƙasar. Azumin shekarun 2023 da 2024 da 2025 duk a cikin watan Maris ya kama, abin da ya sa ƙanƙara ta zama cikin kayan da ake nema gab da shan ruwa.

Ba kowane ɗan itace yake yin ƙanƙara mai kyau ba. Mangwaro ne kan gaba, saboda namansa yana da kauri, kuma a kowane giram 100 na nunanne akwai sukari kusan giram 14; sai dai a nemi marar zare, ko a tace sosai. Kankana kuwa, duk da sunanta ya yi kama da na ƙanƙara, ita ce ta fi ba da wahala: kusan kashi 92 cikin 100 nata ruwa ne, sukarinta kimanin giram 6 ne kacal a cikin 100, don haka idan aka daskarar da ruwanta zalla sai ya fito da tauri, ɗanɗanon kuma salam. Gwaiba tana da ƙamshi, amma dole a raba ta da 'ya'yanta. Ayaba takan yi baƙi idan ba a matsa mata lemun tsami ba. Ɗanyar abarba da gwanda suna ɗauke da sinadaran da ke narka furotin, shi ya sa idan aka haɗa su da madara ko nono aka bari suka jima, haɗin kan tsinke ya yi ɗaci. Ɗan tafasa abarbar kafin haɗawa yana magance wannan. Tsamiya da garin 'ya'yan kuka, wato ƙwame, jiƙa su ake yi a tace, kuma tsaminsu yana tsayawa daram ko bayan sun daskare. Zoɓo ba ɗan itace ba ne a zahiri, kofin furen yakuwa ne, amma babu mai lissafa ƙanƙarar leda ya bar shi a baya.

Abin da ke faruwa a cikin firiza

Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili, ya zama dunƙule mai tauri. Da zarar an narkar da sukari a cikinsa, sai ya zama yana buƙatar sanyin da ya fi haka. Abin da ke faruwa shi ne ruwan ne kaɗai yake zama ƙwayoyin ƙanƙara, sukari da launi da ɗanɗano kuma su taru a cikin ɗan ruwa mai kauri da ke tsakankanin ƙwayoyin, wanda ba ya gama daskarewa. Wannan ruwa mai kauri shi ne yake sa haƙori ya iya shiga. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya ciji kusurwar ledar zoɓo ya zuƙe jan tas, ya rage masa farin dunƙule marar ɗanɗano da yake jefarwa, ya ga wannan bayani da idonsa: zaƙin ya zuƙe daga tsakanin ƙwayoyin, ya bar ruwa zalla. Hakan yana nuna an tsinka haɗin da ruwa fiye da kima, ko kuma an daɗe kafin ya daskare.

Saboda haka abu uku ne suke yanke hukunci a kan laushin ƙanƙara. Na farko yawan sukari: idan ya yi kaɗan ta yi tauri, idan ya yi yawa ta ƙi kamawa, ta tsaya kamar ruwa-ruwa, haɗin da sukarinsa gaba ɗaya, har da na jikin ɗan itacen, ya kai kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 shi ne yake fitowa daidai. Na biyu naman ɗan itacen, domin zarensa yana hana ƙwayoyin ƙanƙara girma, kuma wannan ne dalilin da ya sa markaɗaɗɗen mangwaro ya fi tataccen ruwan lemu laushi. Na uku saurin daskarewa: firizar da ta kai digiri 18 ƙasa da sifili tana samar da ƙwayoyi ƙanana masu santsi a harshe, wadda kuwa take kamawa a hankali tana ba da manya masu ƙaras-ƙaras. Akwai kuma abin da masu fara yi suke yawan mantawa, wato sanyi yana dusashe zaƙi a harshe. Haɗin da ya ji daidai a ludayi zai fito da ƙarancin zaƙi bayan ya daskare, don haka ake ɗan ƙara masa sukari da 'yar matsar lemun tsami.

Yadda ake haɗawa

Ana wanke 'ya'yan itacen, a fere, a cire ƙwallo, a markaɗa a bilenda, a tace da rariya idan akwai zare. Ya fi kyau a narka sukarin a ɗan ruwan zafi a bar shi ya huce kafin a haɗa, domin wanda aka zuba da ƙwayarsa yakan kwanta a gindin leda. Citta da kanumfari na zoɓo da tsamiya ne; na'a-na'a ta fi dacewa da kankana. Idan haɗin ya huce sarai, sai a sa mazurari a bakin leda, a zuba da ƙaramin kofi ɗaya domin girman ya zo daidai, a matse iskar da ke sama, a murɗa wuyan a ƙulle. Ba a cika leda ko kofi fal, saboda ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma ledar da aka ɗaure tam takan fashe ta manne da 'yan'uwanta. Mai son ta tsinke sai ya jira kamar awa ɗaya zuwa biyu, haɗin ya fara kamawa, sannan ya soka, in ba haka ba tsinken zai karkace. Awa 6 zuwa 8 sukan isa idan ba a ɗauke wuta ba. Wajen cirewa, tsoma gindin kofin a ruwa na ɗan lokaci ya wadatar.

Matsalar wuta

A wannan yanki wuta ce take raba mai riba da mai asara. Ƙanƙarar da ta narke rabi ta sake kamawa ba ta komawa yadda take, domin ƙananan ƙwayoyin ne suke fara narkewa, ruwansu kuma ya koma jikin manyan ya ƙara musu girma. Shi ya sa masu sana'ar suke shimfiɗa ledojin a kwance, a jikin bangon firiza, maimakon tara su wuri guda, kuma ba sa zuba haɗi mai ɗumi. Firizar da take cike ta fi wadda take rabi riƙe sanyi idan an ɗauke wuta, muddin ba a yawan buɗe ta. Wasu suna komawa ga janareto ko sola, wasu kuma su kai kayansu wurin masu firizar haya. Akwai tsohuwar dabara ma da ta girmi firiza: idan aka farfasa ƙanƙara aka barbaɗe ta da gishiri mai yawa, sanyin haɗin yana iya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifili, wanda ya isa ya daskarar da ƙananan ledoji a cikin kula.

Tsabta da lafiya

Mutane da yawa suna zaton sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashe su, tsayar da yaɗuwarsu kawai yake yi, kuma ƙwayoyin da ke haddasa kwalara da taifot suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara. Ruwan da aka jiƙa tsamiya ko ƙwame da shi, wanda ba ya hawa wuta, shi ne ya fi zama abin lura, don haka ake tafasa shi tukuna a bar shi ya huce. Ba a hura leda da baki domin buɗe ta. Ita kanta ledar bayanta ne yake shiga bakin mai sha, bayan ta bi ta hannun mai talla da ruwan cikin kula, saboda haka ɗauraye ta kafin a ciza ba ƙyale-ƙyale ba ne. Wadda aka haɗa da madara ko kunun aya ta fi saurin lalacewa, kuma idan ta narke gaba ɗaya ta yi ɗumi, zubarwa ake yi.

Ta fuskar sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a rana, kimanin giram 50 ga baligi, kuma ta sa zuma da tataccen ruwan 'ya'yan itace cikin wannan lissafi. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko a cikin ƙanƙara ce. A nan ne ta gida ta fi ta kan titi, domin ta kan titi sau da yawa ruwa ne da kala da filebo da sakarin, babu ko ɗigon ɗan itace a ciki. Duk da haka sana'ar tana riƙe gidaje da yawa, musamman matan aure da suke haɗawa a cikin gida su ba yara su kai bakin makaranta ko tasha a cikin kula. Wanda yake son ya wuce nan, ya riƙa yi da tambari yana kai wa shaguna, sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin sa ido a kan abinci da magunguna.