Waken da aka sauya wa ƙwayoyin gado

Wannan wake ne da masana suka sanya wa ƙwayar gado ta wata halitta daban domin ya kare kansa daga tsutsa. Ma'aikatan gona a Nijar suna kiran irin waɗannan tsirrai OGM. Wanda ya fi kusa da manoman Damagaram shi ne SAMPEA 20-T, wanda Najeriya ta amince da nomansa a 2019 bayan gwaje-gwaje a cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Tsutsar da ake yaƙa ita ce Maruca vitrata. Malam-buɗe-littafin dare ne ke yin ƙwanta a jikin fure. In ta ƙyanƙyashe sai ta cinye furen daga ciki, ta huda kwanso ta shige, ta bar kashinta a bakin ramin. Da ta shiga, feshi ba ya cim mata. An ɗauko ƙwayar gadon daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, don haka tsiron da kansa yake haɗa sinadarin da ke lalata hanjin tsutsar. Masu irin sun ce feshi biyu ya isa a damina, maimakon shida zuwa takwas. Amma kariyar ta tsaya nan: ba ta hana darɓa, ba ta hana ƙwaron da ke huda wake a ajiya.

Akwai kuma sabuwar dabara ta CRISPR, wadda ta fito a 2012, inda ake gyara ƙwayar gadon tsiron ba lallai sai an kawo baƙuwa ba. A Kenya ana gwada ta kan dawa domin maganin ƙuduji.

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma manomin Magarya ko Matamaye ya saba sayen iri da tiya a kasuwannin kan iyaka. Da ido ba a bambanta wannan wake da na gida, saboda haka haƙƙin manomi ne a rubuta masa abin da ke cikin buhu. Sabon iri yana iya zuwa da matsalar da ba a zata ba: Barkina Faso ta fara noman audugar Bt, wadda ita ma aka sanya wa ƙwayar gadon Bacillus thuringiensis, a 2008, ta daina a 2016 saboda zarenta ya gajarce, farashi ya faɗi. Wake kuwa ba ƙwaya kaɗai ake nema gare shi ba. Harawarsa ce ke riƙe dabbobi da rani, kuma kowane sabon iri ya kamata a auna shi da ita ma.