Agogon bango mai motsi da gyaransa

Agogon bango mai motsi shi ne wanda, bayan nuna lokaci, yake da abin ƙawa da ke motsawa: tsuntsu mai leƙowa, lilo, ko idanun kyanwa. Hausawan Makka da Jidda sun fi ganin irin mai batir a shagunan tsarabar alhazai, kusa da agogon kiran sallah.

Tarihi

Wanda ya fi suna shi ne agogon tsuntsu na yankin Baƙin Daji, a kudu maso yammacin Jamus, inda aka soma ƙera shi wajen tsakiyar ƙarni na 18. Wasu na cewa Franz Anton Ketterer na Schönwald ne ya fara, wasu sun musa. Siffarsa ta ɗan gida ta samo asali daga zanen Friedrich Eisenlohr na wajen 1850, wanda ya kwaikwayi ɗakin mai gadin layin dogo. Kukan tsuntsun fa iska ce tsagwaronta: ƙananan zugazugai biyu ke hura bututu biyu, ɗaya bayan ɗaya. Nauyin ƙarfe da ke rataye a sarƙa shi ke tuƙa injin. Wani kullum ake jan sarƙarsa, wani sai bayan kwana 8.

Kit-Cat na Amurka, agogo mai siffar kyanwa da ke kaɗa wutsiya, ya fito a shekarun 1930.

Gyara

Ƙurar Makka na haɗuwa da tsohon mai ta zama danƙo, raɓar Jidda kuma na kawo tsatsa. Mai gyara kan wanke injin, ya ɗiga mai kaɗan a ramukan da sandunan ke juyawa. Haƙoran faya-fayan injin kuwa ba a sa musu mai. In agogo ya karkace a bango, bugunsa sai ya yi ɗingishi, lilo ya tsaya. Mai latti, a ɗaga nauyin lilonsa sama kaɗan. Tsuntsu ya yi shiru, galibi ƙyallen zugazugin ne ya yage.

A na batir, maganaɗisu ke tura lilo, babu ruwansa da hannayen agogo, don haka lilon kan tsaya alhali lokaci na tafiya daidai. Zafi na sa batir yoyo ya ci ƙarfen mazauninsa.

Tsohon agogon lantarki mai ƙidaya da bugun wuta kuwa, matsalarsa daban ce. Wutar Saudiyya na bugu 60 a daƙiƙa, ta Najeriya 50. Wanda aka yi don wutar Jidda, in an jona shi a Kano, zai riƙa lattin minti 10 kowace awa.