Wane ne Matthias Mann, kuma mi ya haɗa aikinshi da gwajin maleriya?

Ɗalibaina biyu nan Birnin Kebbi sunka tare ni bayan darasi da tambayoyi kan wanga bature masanin furotiyomiks, na ce bari in rubuta amsoshin gaba ɗaya kowa ya huta.

Malam, mi ake nufi da furotiyomiks tukunna?

Nazarin dukkan furotin da ke cikin ƙwayar halitta ne a lokaci guda. Jikin mutum na da kimanin jinsin gado 20,000 masu ba da umurnin haɗa furotin, amma su umurni kawai suke badawa, furotin ɗin su ke yin aikin, su ke ɗaukar iskar numfashi cikin jini, su ke narkar da tuwon da ka ci. Kalmar ma ba tsohuwa ba ce, wani ɗan Ostareliya Marc Wilkins ya ƙirƙiro tushenta a 1994.

To shi Mann ɗin fa?

Bajamushe ne, an haife shi 1959, ya karanta fiziks da lissafi a Göttingen, ba ma likitanci ba. Ya yi digirin dakta a jami'ar Yale ta Amurka ƙarƙashin John Fenn, ya gama 1988. Daga nan ya yi aiki Odense ta ƙasar Denmak, ya wuce Heidelberg, ya sake komawa Odense, tun 2005 kuma shina darakta a cibiyar bincike ta Max Planck kusa da Munich.

Mi sunka gano shi da Fenn?

Nan abin yake da daɗi. Akwai na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari, kamar dai yadda ake ɗora giwan ruwa kan sikeli ranar gasar kamun kifi ta Argungu a san na wa ya fi, sai dai ita sai abin ya tashi cikin iska ɗauke da cajin lantarki kafin ta iya auna shi, furotin kuwa ƙato ne kuma da ka matsa mishi da zafi sai ya wargaje. Dabarar da sunka yi aiki a kai ita ce a tura ruwan da furotin ke ciki ta wata siririyar allura mai lantarki dubban bolt, ruwan ya fita kamar feshin turare, ɗigon ya bushe cikin iska, furotin ya rage shi kaɗai da cajinshi bai fashe ba. Fenn ya samu kyautar Nobel kan wannan a 2002, shi da kanshi ya kwatanta abin da yi wa giwaye fukafukai.

Shi Mann ɗin fa, mi ya ƙara bayan nan?

Abu biyu na fi ganin girmansu. Na farko wata dabara mai suna SILAC, 2002. Ka raba ƙwayoyin halitta gida biyu, ɗaya ka ciyar da su abinci na yau da kullum, ɗayan ka ba su mai ɗauke da kabon 13, wani nau'in sinadarin kabon da ya ɗan fi na yau da kullum nauyi, sai ka haɗe su. Na'ura na ganinsu ta bambance su da nauyi, ta faɗa maka wane furotin ya ƙaru wane ya ragu bayan an sa magani. Kamar a gauraya awakinka da na maƙwabci amma naka duk an shafa musu shuni. Na biyu manhajar MaxQuant da sunka fitar shi da abokin aikinshi Jürgen Cox a 2008, wadda ke tantance tarin bayanan da na'urar ke zubowa. Ni a ganina tasirinshi ya fi yawa nan, don ya ƙera kayan aikin da dubban masu bincike ke riƙe da su kullum, shi ya sa takardunshi ke cikin waɗanda anka fi ambata a fannin.

Ina ruwanmu da shi nan Kebbi?

Wallahi da ruwanmu. A 2002 shina cikin waɗanda sunka fitar da jerin furotin sama da dubu na ƙwayar maleriya mai suna falsifaram. Kuma ɗan katin nan da ake ɗiga ma jini a asibiti layi biyu ya fito a ce kana da maleriya, furotin ɗin ƙwayar cutar yake kamawa. Ba Mann ya ƙera katin ba, kar ku je ku ce ni na faɗi, amma ilimin gida ɗaya ne. Sikila ma haka, tubali ɗaya tak ya sauya cikin furotin ɗin jini, shi ke jawo duk wahalar nan.

Ɗalibi daga Aliero ko Gusau zai iya shiga fannin?

Na'urar auna nauyin nan tana da tsada ƙwarai, ga shi tana son wuta ba ɗaukewa da ɗaki mai sanyi, ba zan ɓoye muku ba. Amma MaxQuant kyauta ake sauke ta, kuma akwai rumbun intanet mai suna PRIDE inda masu bincike ke zuba ɗanyen bayanansu kowa ya ɗauka. Ka samu laftof mai ƙarfi da data, ka riƙe lissafi da kyau, ka fara da bayanan maleriya tunda ita ka sani.