Dabarun Tsaro a Ƙwallon Amurka

Dabarun tsaro a ƙwallon Amurka su ne tsare-tsaren da ƙungiyar da ba ta riƙe da ƙwallo ke bi domin hana abokiyar karawarta ci gaba a fili da cin maki. Wannan wasa daban yake da ƙwallon ƙafa da sauran duniya ta sani. Ƙwallonsa mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a ruga da ita ko a jefa ta da hannu. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun, in kuwa sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Da yake wasa yana tsayawa bayan kowace dama, kuma doka ba ta ƙayyade yawan canjin 'yan wasa ba, tsaro ya zama sana'a mai zaman kanta, da 'yan wasanta da kocinta da harshenta.

Sahu uku da lissafin gurabe

Masu tsaro sukan jeru sahu uku. A gaba akwai ƙarti masu nauyi da ke durƙusawa dab da ƙwallo, fuska da fuska da masu shingen abokan hamayya. A bayansu akwai lainbaka, waɗanda ake so su iya tare mai gudu, su iya kuma bin mai karɓar jifa. Na tsakiyarsu ana masa laƙabi da Mike, na ɓangaren da maharan suka fi yawa Sam, na ɗaya ɓangaren Will. A can baya kuma akwai kona biyu da ke gefen fili da sefti biyu da ke gadin nesa.

Sunan tsari yakan fito daga yawan mutanen sahu biyun farko. Idan aka ce 4-3, ana nufin huɗu a gaba da lainbaka uku, 3-4 kuma akasin haka. Idan aka cire lainbaka ɗaya aka sa ɗan baya na biyar, tsarin ya zama nikel, in an sa na shida ya zama daim. A yau nikel ne aka fi gani a NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, saboda ƙungiyoyi sun koma fitowa da masu karɓar jifa uku a mafi yawan lokaci.

Tushen aikin lissafi ne. Tsakanin masu shinge biyar, wato ɗan tsakiya da gadi biyu a gefensa da takul biyu a ƙarshen sahu, akwai gurabe da mai gudu zai iya ratsawa, kuma kowane yana da harafi: gurbin A a gefen ɗan tsakiya, B a tsakanin gadi da takul, C a wajen takul. Dole kowane gurbi ya samu mai shi. Wurin durƙuson ɗan gaba ma lamba gare shi. Wanda ya tsaya a kan ɗan tsakiya sak yana lamba 0, wanda ke kafaɗar waje ta gadi yana lamba 3, na kafaɗar waje ta takul kuma lamba 5. Ana danganta wannan lissafi da koci Bum Phillips, kuma koci Bear Bryant ya taimaka ya yaɗu. Amfaninsa shi ne koci biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su fahimci juna da lambobi uku ko huɗu.

Matsalar da ba ta ƙarewa ita ce mutum 11 ba su isa su toshe ko'ina ba. In an matso da sefti gaba domin tare gudu, baya ta yi sako-sako. In an bar sefti biyu a nesa, gurbi ɗaya a gaba ya rasa mai shi. In an ƙara mutane su afka wa kwatabak, wato mai jifa, abin da ake kira bilis, masu gadin jifa sun ragu. Duk wani tsarin tsaro da ya yi suna a tarihin wasan zaɓi ne na inda za a yarda a yi rauni, da kuma yadda za a ɓoye raunin har a ɗaga ƙwallo, wato ɗan tsakiya ya miƙa ta baya a fara wasa.

Bin mutum da gadin yanki

Hanyoyin hana jifa biyu ne a asali. Ko kowane mai tsaro ya ɗauki mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya nufa, ko kuma a raba fili yanki-yanki, kowa ya tsare nasa idonsa na kan kwatabak. Ana kiran tsare-tsaren da lamba, kuma galibi lambar tana nuna yawan masu gadin nesa. A Koba 0 babu kowa a baya, kowa da mutuminsa, saura su afka. A Koba 1 sefti ɗaya ne a tsakiya. Koba 2 ta raba nesa gida biyu, Koba 3 gida uku, Koba 4 gida huɗu. Kowace da inda ake cin ta: Koba 2 tana da rami a tsakiyar sefti biyun da kuma gefen layi bayan kona, Koba 3 kuma takan sha wuya idan mutum huɗu suka miƙe a guje zuwa nesa a lokaci guda.

Yadda dabarun suka sauya

An halatta jifa gaba a 1906, amma shekaru da dama bayan haka gudu ne ke mulki, shi ya sa ake jera mutum shida ko bakwai a sahun gaba. A shekarun 1950 Tom Landry, yana kula da tsaron New York Giants, ya daidaita tsarin 4-3 tare da Sam Huff a matsayin lainbakan tsakiya. Tsarin 3-4 ya samo asali daga abin da Bud Wilkinson ya yi a Jami'ar Oklahoma, ya kuma bazu a NFL a shekarun 1970. Miami Dolphins ta 1972, wadda ba a doke ta ko sau ɗaya ba a kakar, ta yi amfani da wani nau'insa a ƙarƙashin Bill Arnsparger.

Pittsburgh Steelers ta shekarun 1970 ta matsa wa masu karɓar jifa lamba sosai, har a 1978 NFL ta hana taɓa su bayan yadi biyar daga layin farawa. Har yau ana kiran dokar da sunan Mel Blount, konan Steelers. Daga nan jifa ta samu sarari, masu tsaro kuma suka shiga neman sabuwar hanya.

Amsar Buddy Ryan, kocin tsaron Chicago Bears, ita ce a hana kwatabak numfashi. Tsarinsa na 46, wanda ya ɗauki suna daga lambar rigar sefti Doug Plank, yana tara mutum takwas kusa da ƙwallo, ya ɗora uku a kan ɗan tsakiya da gadi biyu, ta yadda ba wanda zai samu sukunin taimaka wa ɗan'uwansa. Chicago Bears ta 1985 ta ci wasa 15 ta faɗi ɗaya, ta hana New York Giants da Los Angeles Rams cin ko maki ɗaya a wasannin fidda gwani, sannan ta lallasa New England Patriots da 46 da 10 a Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL. Amma wasa ɗayan da ta faɗi ya nuna maganin tsarin. Dan Marino, kwatabak na Miami, ya baza masu karɓa a faɗin fili yana sakin ƙwallo da sauri, aka tashi 38 da 24. Ba a daɗe ba sauran ƙungiyoyi suka bi wannan hanya, 46 ta koma kayan da ake ɗaukowa jefi-jefi.

Dick LeBeau ya ɓullo ta wata fuska. A Cincinnati, daga baya kuma a Pittsburgh tare da Dom Capers, ya riƙa tura lainbaka ko kona su afka, ɗan sahun gaba kuma ya ja da baya ya tsare yanki. Kwatabak yana ganin bilis, sai ya jefa wurin da ya saba samu a buɗe, ya tarar da ƙato a tsaye. Tony Dungy da Monte Kiffin kuma, daga 1996 a Tampa Bay, suka gyara Koba 2 ta hanyar sa Mike ya ruga tsakiya ya toshe ramin nan. Wannan ita ce Tampa 2. Tana buƙatar mutum huɗu na gaba su isa ga kwatabak ba tare da taimako ba, kuma da Warren Sapp da Simeon Rice sun samu haka. A Super Bowl na Janairun 2003 'yan Tampa Bay sun cafke jifa biyar na Oakland Raiders, suka mayar da uku maki.

Sauyin da ya fi zurfi bai yi ƙara kamar waɗannan ba. Lokacin da Nick Saban ke kula da tsaron Cleveland Browns a ƙarƙashin Bill Belichick, daga 1991 zuwa 1994, sun ɓullo da hanyar da mai tsaro zai fara kamar mai gadin yanki, sai ya karanta hanyar da masu karɓa suka bi, ya koma bin mutum gwargwadon ƙa'idar da aka koya masa. Misali, idan mai karɓa na biyu daga gefe ya miƙe zuwa nesa, wane ne zai ɗauke shi? Idan ya karya waje fa? Kowace tambaya da amsarta tun kafin wasa. Saban ya tafi da wannan zuwa jami'o'i, ya ci kambun ƙasa sau bakwai, ɗaya a LSU, shida a Alabama, kuma yanzu da wuya a sami babbar ƙungiya da ba ta da wani nau'in wannan karatu.

Seattle Seahawks ta Pete Carroll ta nuna cewa sauƙi ma dabara ce. Da Koba 3 da dogayen kona ta doke Denver Broncos da 43 da 8 a Fabrairun 2014, alhali Denver ta ci maki 606 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba. Bayan nan aka koma salon Vic Fangio, inda sefti biyu ke tsayawa a nesa kafin a ɗaga ƙwallo, sai bayan an ɗaga su juya zuwa ainihin tsarin. A Fabrairun 2025 Philadelphia Eagles, da Fangio a matsayin kocin tsaro, ta kayar da kwatabak Patrick Mahomes sau shida da mutanen gaba kawai, ta ci ƙungiyarsa Kansas City Chiefs da 40 da 22.

Yadda ilimin ke yawo tsakanin masu horarwa

Abin da ya bambanta wannan wasa shi ne masu horarwa suna koyar da juna a fili, har da waɗanda za su kara da su wata rana. Ƙungiyar masu horar da ƙwallon Amurka, AFCA, tana taron shekara-shekara tun farkon shekarun 1920, jihar Texas ma tana da babban taron kociyoyin sakandare. A irin waɗannan taruka koci yakan tsaya gaban allo ya zana tsarinsa da alamun X da O, ya nuna bidiyo, a yi masa tambayoyi. Bayan kaka kuma kociyoyin sakandare kan kai ziyara jami'o'i su zauna a ɗakin nazari. A da, wanda bai da kuɗin tafiya ko bai san kowa ba sai dai ya jira kaset ko kwafin littafin dabaru ya zo hannunsa.

Intanet ta rushe wannan katanga. Kamfanin Hudl, da aka kafa a Lincoln ta jihar Nebraska a 2006, ya sa musayar bidiyon wasa, wadda a da ake yi da mota tsakanin gari da gari, ta zama aikin 'yan mintuna. A 2012 NFL ta fara sayar wa jama'a bidiyon da ake ɗauka daga sama mai nuna dukkan 'yan wasa 22, wanda a da kociyoyi kaɗai ke gani. Wannan ya yi tasiri ga fahimtar tsaro musamman, domin kyamarar talabijin ƙwallo take bi, ba ta nuna abin da sefti ke yi. A 2014 Seahawks ta saki bidiyon koyar da kayarwa da kafaɗa irin ta rugbi, ana kawar da kai gefe, makarantu da yawa kuma suka ɗauka a daidai lokacin da damuwa kan raunin ƙwaƙwalwa ta yi yawa. A 2020, da annobar korona ta hana taro, darussan suka koma Zoom, a YouTube da X kuma ana yanka wasa ɗaya ana fayyace shi daki-daki washegarin buga shi.

Sakamakon shi ne dabara ba ta daɗewa a ɓoye, kuma ba daga sama kawai take gangarowa ba. Tsarin 4-2-5, mai 'yan baya biyar, na Gary Patterson a jami'ar TCU da tsarin sefti uku da Jon Heacock ya fito da shi a Iowa State a 2017 an ƙirƙire su ne domin fuskantar ƙungiyoyin jami'a masu baza fili, sannan suka bazu ko'ina.

Sauƙin samun zane yana da nasa haɗari. Kocin sakandare zai iya sauke ƙa'idojin Saban gaba ɗaya a dare guda, amma yaransa 'yan shekara 16 ne, suna da darussa, wasunsu ma suna buga tsaro da hari a wasa ɗaya. Tsarin da yaro zai tsaya yana tunani kafin ya motsa ya riga ya faɗi, shi ya sa gogaggun kociyoyi ke fifita kira kaɗan da aka maimaita har ya zauna a jiki. Akwai kuma rikicin suna, domin abu ɗaya yakan samu suna uku a makarantu uku.

Dokokin ma ba ɗaya ba ne. Layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 18 da inci 6 a NFL, ƙafa 40 a jami'a, sama da ƙafa 53 a mafi yawan makarantun sakandare, don haka a ƙananan matakai ɓangare ɗaya na fili yakan fi ɗaya faɗi sosai, dole a karkata tsaro can. Mai shinge kuma yana iya yin gaba yadi uku a jami'a lokacin jifa, amma yadi ɗaya kawai a NFL, abin da ya sa wasan da kwatabak ke zaɓa tsakanin miƙa ƙwallo da jefawa ya fi wahalar da lainbakan jami'a. Na'urar magana da ke cikin hular ɗan tsaro ɗaya, mai ɗigon kore a baya, ta shigo NFL a 2008, manyan jami'o'i kuma a 2024, kuma ana katse ta idan saura daƙiƙa 15 a agogon fara wasa. A yawancin makarantun sakandare har yanzu da alamun hannu koci ke aika kira daga gefen fili.