Matsallakar titi

Matsallakar titi wuri ne da hukuma ta keɓe a kan hanyar mota domin masu tafiya a ƙafa su ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan. Ana gane ta da fararen layuka masu faɗi da aka shafa a kan kwalta, ko da fitilar ba da hannu, ko da allon alama a bakin hanya, wani lokaci duka ukun a haɗe. Mai fararen layukan ita aka fi sani, kuma a ƙasashe da yawa ana ce mata zebra saboda kamanninta da zanen jikin jakin dawa. A dokokin hanya na akasarin ƙasashe, direba ne zai tsaya wa wanda ya riga ya sa ƙafa a kanta. Sai dai shekaru sama da 70 da aka yi ana amfani da ita sun nuna cewa fenti shi kaɗai ba ya hana mota buge mutum. Abin da ya fi tasiri shi ne gudun da motar ta iso wurin da shi, da kuma yadda aka gina hanyar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu a ƙafa suke tafiya. Idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ke kan gaba, da mutuwar kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali shi ne mafi ƙarancin motoci.

Tarihi

A kufan birnin Pompeii na Italiya, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, har yau ana ganin manyan duwatsu jere a tsakiyar tituna. Mutane kan taka su su ƙetare ba tare da sun shiga ruwan datti ba, kuma an bar rata a tsakaninsu yadda ƙafafun keken doki za su wuce. Wannan dabara ta tsabta ce, ba ta kare rai ba. Bukatar kare rai ta zo ne da mota. Ranar 17 ga Agusta 1896 wata mota ta buge Bridget Driscoll a harabar Crystal Palace da ke Landan, ta zama mai tafiya a ƙafa ta farko da mota ta kashe a Birtaniya, duk da cewa gudun motar bai kai kilomita 10 a awa ba. A watan Satumba 1899 irin haka ta faru da Henry Bliss a birnin New York yana sauka daga tarago.

Zuwa 1934 mutanen da ke mutuwa a titunan Birtaniya sun haura 7,000 a shekara, kusan rabinsu masu tafiya a ƙafa. A wannan shekara ministan sufuri Leslie Hore-Belisha ya sa aka riƙa shata matsallaka da ƙusoshin ƙarfe a kan titi, tare da dogon sanda mai zanen baƙi da fari wanda ke ɗauke da ƙwallo ruwan lemo a samansa. Har gobe da sunansa ake kiran wannan sanda a can. Ƙusoshin ba sa ganuwa daga nesa, don haka a 1949 cibiyar binciken hanyoyi ta ƙasar ta gwada zanen layuka masu launi iri-iri a wurare kimanin 1,000. Baƙi da fari suka yi zarra, aka buɗe matsallakar zebra ta farko a hukumance a garin Slough ranar 31 ga Oktoba 1951. Daga nan salon ya bazu, musamman a ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka, kuma yarjejeniyoyin Vienna na 1968 kan zirga-zirga da alamomin hanya sun taimaka wajen daidaita shi tsakanin ƙasashe.

Japan ta ƙara nata. Seiichi Miyake ya ƙirƙiro daɓe mai ƙuraje-ƙuraje wanda makaho zai ji da tafin ƙafa ko da sandarsa ya san ya iso bakin titi. An fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967.

Iri-irinta

Akwai wadda ba ta da fitila, inda komai ya rataya a kan direba ya ga mutum ya tsaya. Akwai mai fitila, wadda a wasu wuraren mai tsallakawa ke danna maɓalli ya jira koren haske. Birtaniya ta fito da wani salo na irin wannan mai suna pelican a 1969. Akwai wadda aka ɗaga ta sama da kwalta ta zama tudun rage gudu mai faɗi, da wadda aka yi wa ɗan tsibiri na kankare a tsakiya domin mutum ya ƙetare rabin hanya ya tsaya, sannan ya fuskanci ɗaya rabin. A wasu mahaɗun kuma ana tsayar da motocin kowane ɓangare lokaci guda, jama'a su ratsa ta kowace kusurwa, kamar yadda ake yi a unguwar Shibuya ta Tokyo.

Mai fitila tana da wani aibi da ba kowa ke lura da shi ba. Injiniyoyi kan lissafa daƙiƙun koren haske ne a kan cewa mutum yana cin kimanin mita 1.1 zuwa 1.2 a daƙiƙa guda. Binciken da aka yi a Ingila ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka kai shekara 65 ba sa iya wannan sauri. Ke nan tsoho yana tsakiyar titi za a saki motoci.

Gudu

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma direba yana bukatar akalla daƙiƙa guda tsakanin ganin mutum da taka birki. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya nuna cewa a gudun kilomita 32 mota za ta tsaya cak cikin mita 12, amma a kilomita 48 sai ta ci mita 23. Ƙarfin bugun ma ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi ya sa bugun mota a kilomita 50 ya kusa ninka na kilomita 30 sau uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin kilomita 50 da 65.

Wannan lissafi ne ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm, babban birnin Siwidin, a watan Fabrairu 2020 ya nemi a ƙayyade gudu a kilomita 30 duk inda motoci da mutane ke cuɗanya. Ƙasar Siwidin ta riga kowa: a 1997 majalisarta ta amince da manufar da ta ɗauki kuskuren ɗan Adam a matsayin abin da ba makawa, ta ɗora wa masu tsara hanya alhakin ganin kuskuren bai zama ajali ba. Biranen Oslo na Norway da Helsinki na Finland, waɗanda suka rage gudu suka kuma matse tituna, sun kammala shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙafa ko ɗaya ba.

Akwai kuma shaida a kan abin da ke faruwa idan aka shafa fenti aka tafi. Wani babban nazari da hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000 ya kwatanta matsallakai 1,000 masu zane da wasu 1,000 marasa zane. A ƙananan tituna bai ga bambanci ba. A manyan tituna masu layin mota da yawa da cunkoso kuwa, an fi buge mutane a inda aka yi zane ba tare da wani ƙarin tanadi ba. Ɗaya daga cikin dalilan sananne ne ga duk wanda ya taɓa ƙetare titi mai layin mota biyu a hannu ɗaya: motar layin farko ta tsaya maka, ka shiga, ita kuma ta kare ka daga idon direban layi na biyu wanda bai rage gudu ba. Idan babbar mota ce ta tsaya, abin ya fi muni. Maganin da ake yi shi ne a ja layin tsayawar motoci baya da 'yan mitoci, a hana fakin dab da matsallaka, a gina tsibiri, a sa fitilar titi mai haske. Batun hasken ba ƙarami ba ne, domin a Amurka kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙafa da ake kashewa cikin duhu ake buge su.

Siffar motar ma tana da nata rabo. Ƙaramar mota kan ɗauki babban mutum ta ƙafafu ta jefa shi kan murfin inji, amma jif ko a-kori-kura mai dogon gaba ƙirji da kai take duka, ta kuma tura shi ƙarƙashinta.

Gadar ƙafa

A Najeriya, inda aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, da Gana da sauran maƙwabta, an fi karkata ga gina gadar ƙafa a kan manyan hanyoyin birni. A kan hanyar da motoci ke sheƙa gudu babu abin da ya fi ta, kuma rashinta yana cin rayuka: a watan Nuwamba 2018 mazauna Adenta da Madina a gefen Accra sun toshe babbar hanya suna ƙona tayoyi bayan mota ta kashe wata ɗaliba, a wurin da aka fara gadoji aka bar su ba a kammala ba. Amma a cikin gari gada ba ta biyan bukatar kowa. Mai tallar da ke ɗauke da kaya a ka, da mai tura baro, da gurgu, da tsohuwa, duk hawan matakala ya fi ƙarfinsu, kuma idan gadar ta yi nisa da bakin kasuwa ko tasha mutane za su ci gaba da ratsawa ta inda bukatarsu take. Kama su da tara bai cika canza wannan ba. Ga kuma masu acaɓa da A Daidaita Sahu, waɗanda kan kutsa ta tsakanin motocin da suka tsaya, wani lokaci ma ta hannun da ba nasu ba, inda mai ƙetarewa bai sa ran fitowar kowa ba.

Wuraren ajiye motoci

A filin fakin na kasuwa, asibiti, makaranta, masallacin Juma'a ko tashar mota, gudu kaɗan ne, amma babu rabuwa tsakanin hanyar mota da ta mutane, kuma sau da yawa da baya motoci ke tafiya. Bayan kowace mota akwai yankin da madubi ba ya nunawa, wanda yaro ɗan shekara biyu zai shige cikinsa gaba ɗaya. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa ribas yana kashe kimanin mutum 210 a shekara a ƙasar, yana raunata 15,000, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama su ne sama da rabin mamatan. Sau da yawa a ƙofar gida abin ke faruwa, kuma mai tuƙin ɗan uwan yaron ne. Saboda haka tun daga watan Mayu 2018 dole ne kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta zo da kyamarar baya. Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa sababbin motoci masu lantarki su riƙa fitar da ƙara idan suna tafiya a hankali, domin makaho ko wanda ya ba da baya ya ji tahowarsu.

Kamfanonin haƙar mai da ma'adinai da dama suna tilasta wa ma'aikatansu shiga gurbin fakin da baya, yadda idan za a fita sai a fita da gaba. Hikimar ita ce lokacin shiga direba ya riga ya ga gurbin babu kowa, amma lokacin fita bai san abin da ke tahowa ta gefe ba. A tsarin fili kuwa, ana ware wa mutane hanya tsakanin layukan motoci har zuwa ƙofar gini, a raba mashigar motoci da mafitarsu, a kuma keɓe wa manyan motocin sauke kaya nasu ɓangaren nesa da inda yara da masu sayayya ke bi.